Kamara da na'urar jin motsi sun fara shirme? Duba nan kafin ka kira mai gyara

Yayana da ke unguwar Zariya nan Maradi ya kusa jefar da kamararshi, wai kullum ƙarfe 3 na dare sai salula ta ɗau ƙara an ga motsi, ya fito da tocila ba kowa. Na hau tsani na duba, wallahi saƙar gizo ce a bakin gilashin, da dare fitilun infrared ɗin nan jajaye da kamara ke gani da su cikin duhu suna jawo ƙwari, gizo ya zo ya yi saƙa, iska na kaɗa ta kamara na ɗauka mutum ne. Tsumma mai laushi kawai ya gama maganar. Lokacin hunturu kuwa ƙura kan sa hoto ya yi hazo, a riƙa gogewa duk sati.

In reshen bedi ne ke kaɗawa gaban kamara, shiga cikin manhajar kamarar a salularka, Smart Life ko V380 ko wace dai kake da ita, ka rage ƙarfin jin motsi, ka zana wurin da kake so ta tsare, ƙofar gida da garaji, ka cire titi da turken tumaki.

Ita na'urar jin motsi ta bango, wadda ake ce ma PIR, ba gani take ba, zafin jiki take ji. To nan ne matsalarmu, zafin jikin mutum digiri 37 ne, a watan Afrilu da Mayu kuma zafin Maradi na wuce 40, bango ya gasu ƙasa ta gasu, sai mutum ya wuce ba ta bambance shi ba, mutane su ce ta mutu alhali lafiyarta lau. Ka maida ta inuwa, kar ta kalli rana ko kwanon rufi ko murhu, tsawo kamar mita 2 da ɗan wani abu, kuma a gicciye da hanya, don ta fi jin wanda ya gitta bisa wanda ya nufo ta kai tsaye. Bayan gilashin taga kuma ba ta jin komai, kar ma ka wahalar da kanka. Batirinta ma ka duba.

Sai batun rezo. Wifi na zuwa a layi biyu, 2.4 GHz da 5 GHz, yawancin kamarorin nan kuma 2.4 kaɗai suka sani, in salularka na kan 5 lokacin haɗawa za ku kwana kuna yi. In kuran ya ɗauke ya dawo kamara ta ƙi tashi, cire ta daga soket, ƙirga 30, fara kunna akwatin wifi tukuna sannan ita. In da rana tana aiki da dare tana mutuwa, zargi cajar, fitilun dare na ƙara jan wuta, ka sayo mai volt daidai da abin da aka rubuta a jikin kamarar. Maɓallin riset shi ne na ƙarshe, don yana share saitinka duka, ka tabbata kana tune da lambar sirrin wifi kafin ka danna.