Yadda ake kallon tsoffin finafinai marasa magana har a iya yi musu alƙalanci

Yawancin masu cewa fim marar magana ba ya kalluwa, ɗan guntu suka gani a waya: hoto dishi-dishi, mutane suna ta sauri babu dalili, ga wani kiɗan fiyano da babu ruwansa da abin da ake yi a allon. 'Yan kallon 1925 ba wannan suka biya kuɗi suka gani ba. Finafinan nan sun ci zamaninsu tun daga 1895, lokacin da 'yan'uwan Lumière suka fara haska hoto mai motsi ga masu biyan kuɗi a Paris, har zuwa ƙarshen shekarun 1920 da sauti ya kore su. Kafin ka ce wannan ya yi, wancan bai yi ba, akwai abubuwan da sai ka gyara a ɓangarenka.

Mataki na farko: nemi kwafi na kirki

Nan ne aka fi yin asara. A wancan zamani da hannu ake murza kyamara, galibi hotuna 16 zuwa 20 da 'yan kai a daƙiƙa guda. Da sauti ya zo sai aka tsayar da 24. Fim ɗin da aka ɗauka a kan 16 aka haska shi a kan 24, dole saurin kowa ya ƙaru da rabi. Gane haka ba wuya. Ka dubi wani mai wucewarsa a bayan fage, ko hayaƙi, ko ruwa mai zuba. In tafiyar mai wucewa ta koma sassarfa, kwafin ne da laifi. Masu barkwanci dai sukan rage murzawar da gangan a wurin guje-guje don a yi dariya. Wannan kam nasu ne, a bar musu.

Finafinan da suka fito kafin 1929 sun fita daga haƙƙin mallaka a Amurka, shi ya sa suka cika YouTube da Internet Archive, nagari da gurɓatacce a haɗe. Ka duba ko an ambaci waɗanda suka gyara kwafin, irin su Cineteca di Bologna a Italiya, ko Gidauniyar Murnau a Jamus, ko BFI, wato Cibiyar Finafinai ta Birtaniya, a Ingila. Ka duba tsawonsa kuma. Metropolis na Fritz Lang, na 1927, an daddatse shi jim kaɗan bayan fitowarsa, aka yi shekaru ana kallon labari mai giɓi ana zargin daraktan da rashin kan gado. Sai a 2008 aka tsinci wani kwafi a gidan adana finafinai na Buenos Aires, aka mayar da kusan minti 25. Wanda aka fitar a 2010 ya kusa awa biyu da rabi, don haka in ka ga na awa ɗaya da rabi ka wuce. The Gold Rush na Chaplin ma kashi biyu ne: na 1925, da wanda shi da kansa ya sake fitarwa a 1942 da muryarsa a kai yana ba da labari. Na 1925 za ka nema.

Waɗanda aka shafa wa launi da kwamfuta aka kuma sulɓe motsinsu, ni dai ba na ba da shawararsu. Fuskoki sukan koma kamar na roba, inuwar da mai ɗaukar hoto ya sha wahala a kanta ta wanke.

Mataki na biyu: fara da gajere, fara da dariya

Kada ka soma da mai awa uku. Sherlock Jr. na Buster Keaton, na 1924, minti 45 ne kawai. Bayansa ka nemi Steamboat Bill, Jr. na 1928, inda bangon gaban gida ya rikito a kan Keaton, ya tsira saboda daidai tagar sama yake tsaye. Bangon gaske ne, da ya goce kaɗan da sai dai labari. Harold Lloyd kuwa, da ya rataye a hannun agogo cikin Safety Last! na 1923, a saman rufin dogayen gine-ginen Los Angeles aka kafa masa fagen, titin da ke ƙasa na gaske ne, kuma tun 1919 ba shi da babban yatsa da manuniya na hannun dama. Barkwanci zai saba wa idonka da karanta jiki ba tare da ka ji kana aiki ba.

Mataki na uku: kiɗan

Finafinan nan ba a shiru aka kalle su ba. Ƙaramar silima tana da mai fiyano, babba tana da ayarin makaɗa. A Japan akwai benshi, mutumin da yake gefen allo yana ba da labari yana kwaikwayon muryoyi, kusan yadda mai sharhi yake yi a majigin zamanin Turawa a Arewa. In kiɗan kwafinka waƙa ɗaya ce take ta maimaituwa, ana makoki tana rawa, nemi wani kwafin. In babu, gara ka rage ƙarar.

Mataki na huɗu: ba shi idonka duka

Fim mai magana kana iya binsa da kunne kana duba saƙonni. Wannan da ka sunkuya, wasiƙar da aka ɓoye a aljihu ta wuce ka, sauran labarin ya dagule. Ka kashe fitila, ka ajiye waya, in da hali ka kalla a talabijin tare da mutane, don dariyar Keaton ta fi tashi a cikin taro. Abin ba baƙo ba ne a wurinmu: iyayenmu sun cika silimomin Kano suna bin finafinan Indiya tiryan-tiryan ba tare da jin kalma ɗaya ta Hindi ba.

Ka kuma san 'yan alamomi, don tun a wancan zamani akan rina faifan fim ɗin, fage duka ya koma launi ɗaya. Rinin shuɗi dare ne, ko da ka ga rana tana haskawa, ruwan ɗorawa hasken fitila ne ko rana, ja kuma gobara. A kwafin Nosferatu na 1922 da aka cire wa rini, sai ka ga dodon da rana take kashewa yana yawo da tsakar rana, alhali da dare ake nufi.

Mataki na biyar: alƙalancin

Tambayar da na fi ba muhimmanci ita ce: da za a cire allunan rubutun nan da suke katse hoto, nawa zan fahimta? Fim ɗin da sai ya rubuta maka cewa wance tana baƙin ciki, rago ne. Darakta Murnau a Der letzte Mann na 1924 ya ba da labarin tsohon mai tsaron ƙofar otal da aka ƙwace wa kakinsa aka mayar da shi gadin banɗaki, kusan babu rubutu ko kaɗan. Daga yadda kafaɗun Emil Jannings, wanda ya fito a matsayin tsohon, suka zube kake gane komai.

Sai wasan kansa. Zare ido da dafe ƙirji gadon dandamali ne, inda na kujerar baya ma sai ya gani, kuma tun a lokacin ƙwararru sun fara barinsa. Ka kalli 'yar wasa Falconetti a fim ɗin Carl Dreyer na 1928 kan shari'ar Jeanne d'Arc, jarumar Faransa da aka ƙone: kyamara a dab da fuskarta, babu kwalliya, leɓe ne kawai yake rawa. Bayan ka ga wannan ba za ka ƙara yi wa mai wuce gona da iri uzurin zamani ba.

Daga nan ka lura da yadda aka yanka hotuna aka jera. A Potemkin na Eisenstein, na 1925, saukowar sojoji a matakalar birnin Odessa suna harbin jama'a ta ɗauki lokaci fiye da yadda za ta ɗauka a zahiri, saboda ana ta komawa kan takalma, da fuskoki, da keken jariri. Gwaninta ce, amma farfaganda ce. Kisan bai faru a kan matakalar yadda aka nuna ba.

Wannan ya kawo tambayar me fim ɗin yake so ka yarda da shi. The Birth of a Nation na Griffith, na 1915, ya mayar da 'yan Ku Klux Klan, ƙungiyar farar fata masu ta'addanci kan baƙaƙe a Amurka, jarumai, baƙaƙen fata kuma abin tsoro. Kada a ce maka haka kowa yake tunani a lokacin, domin ƙungiyar NAACP mai kare haƙƙin baƙaƙen fata ta yi zanga-zanga a kansa tun shekarar da ya fito. Mu ma abin ya taɓa mu: Palaver na 1926, da Geoffrey Barkas ya ɗauka a yankin Filato, jami'in mulkin mallaka ne gwarzonsa, mutanen ƙasar kuma su ne matsalar da zai magance. Ka yaba ɗaukar hoto in ta cancanta, ka kuma faɗi ƙaryar da ke ciki da sunanta.

Ka yi taka-tsantsan da masu cewa wane ne ya fara kaza. Binciken da Laburaren Majalisar Amurka ya fitar a 2013 ya nuna kusan kashi 70 cikin 100 na dogayen finafinan Amurka marasa magana sun ɓace gaba ɗaya. Sinadarin naitiret da aka yi faifan da shi yana ruɓewa, yana kuma kamawa da wuta, kamar yadda ma'ajiyar kamfanin Fox ta ƙone a New Jersey a 1937. Abin da kawai za ka iya cewa shi ne wane ne ya fara a cikin waɗanda suka rage.