Kafin ka ajiye kwamfuta ka kama kiwon kaji

Assalamu alaikum 'yan uwa. Mai shirin barin aikin kwamfuta ya koma kiwon kaji, don Allah kada ka miƙa takardar ajiye aiki tukuna. Fara da 'yan tsaki ɗari a bayan gida, kana karɓar albashinka. Na nama, sati 6 zuwa 8 sun isa sayarwa. Masu ƙwai kuwa sai sun kusa wata biyar suna ci ba sa biya. Abinci ke cinye yawancin jarin.

Ni na saba da na'ura: in ta tsaya, a kashe a kunna. Kaza ba haka take ba. Na makara da rigakafin Gumboro, wata cuta mai kama 'yan tsaki, wata safiya na buɗe ɗakin na tarar sun takure a lungu, fukafukai a ƙasa. Ranar ko koko ban iya sha ba.

Batun fansho kuma, a Najeriya dokar 2014 ta yarda ka ciri kashi 25 cikin ɗari na kuɗin da ke asusun fanshonka, amma sai ka yi wata huɗu ba aiki. Ware kuɗin cefanen watannin nan daban, kada ka haɗa da jarin kaji.