Yadda zaka karanta bakin bahar kafin ka dasa bishiya

Yan uwa masu son dasa itace a bakin bahar, wato kogin Blue Nile, tun daga nan Maiurno har Sinja a Sudan, kar ka fara sayen dashe tukuna, fara zuwa ka ga inda ruwa yake tsayawa. Ni kaina na taba zuba mangwaro goma sha biyu a cikin maya, wato kwarin da ruwa yake kwanciya, saboda naga kasar tayi baki sidik, ruwan Agusta yazo ya kwanta akansu, ko daya bai tsira ba wallahi.

Kaje bayan ruwa ya ja, wajen watan Oktoba, ka duba jikin tsofaffin itatuwa, zakaga layin tabo ya bushe a jiki da ciyayi makale a rassa, to nan ne iyakar inda ruwa ya kai. Sai ka debi kasa ka jika ta ka murza a tafin hannu. In ta mulmulu tana danko kamar ta ginin tukunya laka ce, in ta wargaje to lallausar kasa ce da ruwa ya dauko daga Habasha.

Maya, wato kwarin da ruwa yake kwanciya wata da watanni bayan bahar ya koma, wannan gidan bagaruwa ne, sunut inji Larabawa. Ita bata damu ba ko gindinta ya dade cikin ruwa, shi yasa zaka ganta ita kadai ta cika wurin. Amma karamarta in ruwa ya rufe mata kai ya dade mutuwa takeyi, don haka ka shuka iri lokacin da ruwa yake ja kana bin danshi a baya, kafin wata damina ta riga ta mike. Irin yanada tauri sosai, ka zuba masa ruwan zafi ka barshi ya kwana, kuma don Allah ka kewaye da kaya, in ba haka ba awaki ka yiwa aiki.

Jarf, gangaren nan mai lallausar kasa da ruwa baya zama, nan ne wurin mangwaro da lemo da gwaiba, gawo da kurna ma suna sonshi. Can sama kan karab kuwa inda zaizaya ta cinye kasa, aduwa ce mai iya hakuri da wurin.

Abu daya kuma, tunda aka fara tara ruwa a madatsar Nahda ta Habasha a 2020 tafiyar bahar ta canza, kar ka dogara da layin da kakanka ya nuna maka kawai. Kafa turke a wurin, kayi masa alama da fenti damina biyu a jere, sannan ka tona rami.