Darasi na 7: Shirya Tsohon Bango Kafin Sabon Shafe

A ƙauyukanmu na Jigawa, daga Ringim har Gumel, magidanta sukan jira a kammala girbi kafin su taɓa gyaran ɗaki, musamman idan ana shirin kawo amarya. Abin takaici, da yawa sukan sa magini ya shafe bango yadda ya same shi, damina na zagayowa sai shafen ya fara ɓamɓarewa, kuɗin siminti ya tafi a banza.

Ka fara da ƙwanƙwasa bangon da ƙotar guduma, daga sama har ƙasa. Duk inda ka ji yana amsawa kamar ganga, tsohuwar filasta ta riga ta rabu da jikin gini, dole a fasa ta a cire. Bayan haka a kankare farar ƙasa da tsohon fenti da burushin waya, domin sabon shafen ba ya kama wuri mai santsi ko mai ƙura. Ka shafa tafin hannunka a bangon, idan ya fito fari fat, to da sauran aiki.

Gindin bango ya fi ko'ina buƙatar lura. Idan ka ga farin gari kamar kanwa yana fitowa, danshi ne ke hawowa, kuma galibi daga ruwan indararo yake ko wanda ke kwanciya a bayan ɗaki. A gyara wa ruwan hanya tukuna, a tone gidan gara idan akwai, sannan a bar wurin ya bushe sarai.

Tsaga kuwa, a ƙara buɗe bakinta kaɗan, a share, a jiƙa, a cike da kwaɓin awo 1 na siminti da awo 4 na tankaɗaɗɗen yashi.

Wanda ɗakinsa ginin ƙasa ne ya sani cewa siminti ba ya riƙe ƙasa da kyau. Ya fi dacewa a yaɓe shi da kwaɓaɓɓiyar ƙasa mai ciyawa, idan kuma lalle sai siminti, a fara kafa ragar waya da ƙusoshi.

Ana gobe za a yi shafe, a yayyafa wa bangon ruwa da yamma, a sake da safe, domin busasshen bango yana tsotse ruwan kwaɓi kafin ya kama, balle a lokacin hunturu. Bangon ya yi laima kawai, kada ya kai ga ruwa na gangarowa a jikinsa.