Ga mai shirin barin aikinsa ya koma aikin jinya

Kafin ka ajiye aikin, duba sakamakon WAEC ko NECO ɗinka. Sai da kiredit 5: Turanci, Lissafi, Physics, Chemistry da Biology, a zaman jarrabawa da bai wuce 2 ba. Digirin da kake da shi a wani fanni ba ya rufe giɓin nan. A jami'a karatun shekara 5 ne, ta JAMB. Kwalejojin jinya kuwa galibi sun koma ND da HND, shekara 4. Ka tabbatar NMCN, hukumar kula da aikin jinya da ungozoma ta Najeriya, ta amince da makarantar, kuma an yi maka rajista a cikin adadin ɗaliban da ta yarje mata. In ba haka ba, ba jarrabawar lasisi. Aikin asibiti har da kwana, da wuya ya haɗu da wani aikin.