Ranar rasuwar kakanka: kama ta tsakanin takardu biyu

Idan kana neman lokacin da kakanka ya rasu, kada ka fara da farautar takardar shaidar mutuwa. Nemi takardu biyu: ta ƙarshe da ta nuna yana raye, da ta farko da aka kira shi marigayi.

Wadda ta nuna yana raye za ta iya zama wasiƙa ko takardar ciniki da ya sa wa hannu. Wadda aka kira shi marigayi kuwa galibi ta rabon gado ce. Ya sa hannu a 1958, an raba gadonsa a 1961? To, shekara uku kawai za ka bincika maimakon ashirin. Wata biyu na yi ina lalube kafin na gane haka.

Amma kula, ranar rabon gado daban, ranar mutuwa daban. Wani gadon kan yi shekaru ba a taɓa shi ba. In shekarar Hijira aka rubuta, ninka ta da 0.97 ka ƙara 622 don ka samu ta Miladiyya. Misali, 1380 za ta ba ka wajen 1960.

Inda dabarar ke cin tura shi ne takwara. Jika mai sunan kakansa zai sa ka ɗauka tsohon yana raye alhali ya daɗe a ƙasa. Duba sunan uba a kowace takarda kafin ka yarda da ita.