Fatar tsofaffi: kurakuran da aka fi yi a gidajen Tawa

A Tawa tsoho in ƙarfi ya ƙare a ɗakinsa yake jinya, a hannun ɗiya ko suruka ko jika. Yawancin ɓarnar da ake yi wa fatarsa kuwa da kyakkyawar niyya ake yin ta.

Wadda ta fi muni ita ce barin shi kwance gefe ɗaya wai kar a tashe shi. Nauyin jiki yana toshe jini a inda ƙashi ya turo: ƙugu, kwatangwalo, duddugen ƙafa, kafaɗa. Sa'o'i kaɗan sun isa nama ya fara lalacewa daga ciki, tun fatar ba ta fashe ba. A juya shi duk bayan awa 2, ko da zai yi mita. A ce "Inna, yi haƙuri, bari in gyara miki kwanciya", a sa matashi tsakanin gwiwoyi, wani ƙarƙashin sha-raɓa don duddugen ya tashi daga katifa. Ana cewa a duba wurin da ya yi ja, amma ja ba ya fitowa sosai a baƙar fata. A nemi inda ya fi duhu, ko ya yi zafi ko tauri in an taɓa. In an samu, kar a murza da mai kamar yadda aka saba. Murzar ƙara kashe naman take, ɗauke nauyi daga wurin shi ne maganin farko.

Leda da ake shimfiɗawa saboda fitsari tana ceton katifa, amma a zafin Afrilu da Mayu, sama da digiri 40, dafa fatar take. A ɗora zanen auduga a kai, a sauya da zarar ya jiƙe.

Wanka kuma: ruwa mai ƙuna, soso mai kaushi, sabulun wanki. Fatar tsoho ta riga ta yi siriri, hunturu ya busar da ita. Ruwan ɗumi ya isa, a goge a hankali, a shafa man kaɗe ko basilin tun da sauran danshi. Ban da tsakanin yatsun ƙafa, musamman ga mai ciwon sukari, wanda ya kamata a duba ƙafarsa kullum.

Ƙaiƙayi shi ke kai mutane wajen mai tallar magani. Da yawa daga waɗannan shafe-shafen akwai kortizon a ciki, yana kwantar da ƙaiƙayin, yana ƙara sirantar da fata, ya ɓoye ainihin cutar. In ƙaiƙayin ya fi tsananta da dare kuma jikoki ma suna sosawa, wataƙila ƙazwa ce. Gidan gaba ɗaya ake yi wa magani rana ɗaya, a wanke tufafi da shimfiɗa da ruwan zafi.

Gyambon da ya buɗe ba ya son toka, garin kafso ko man goge baki. In ya fara wari, ko ruwa, ko zazzaɓi ya shigo, a kai shi CSI, wato ƙaramin asibitin gwamnati na kusa, ko babban asibitin jihar Tawa ranar nan. In ana bukatar likitan fata, su za su tura inda yake.